Takalmin Makiyayi a Hannun Masu Kuɗi

Gwano ba ya jin warin jikinsa. A Amurka, tsofaffin masu tara takalman kaboyi suna raina sababbin shiga, wai sai bayan fim ɗin Urban Cowboy na 1980 suka san takalmin. To, su fa? Lokacin da H. J. Justin ya fara ɗinki a Teksas a 1879, makiyaya yake yi wa: doguwar dunduniya don kada ƙafa ta zarce cikin likkafa, dogon wuya saboda ƙaya. Wanda ya cika kabad da takalma alhali bai taɓa hawa doki ba, da me ya fi baƙon jiya? Dukansu 'yan kallo ne. Girman na makiyayi ne da badukunsa.