Rawar Turawa Domin Gina Gidajen Masu Galahanga

A garuruwa da dama na Amurka, ƙungiyoyin iyaye sukan shirya bikin rawa domin tara kuɗin gina gidaje ga masu lalurar galahanga, watau abin da likitoci ke kira otizim. Rawar irin ta Turawa ce, wadda namiji da mace ke riƙe juna suna kewaya babban zaure. Akan gayyato attajirin gari ko wani sanannen likita, a haɗa shi da gwanin rawa, su yi makonni suna koyo. Ran biki jama'a su sayi tikiti, kuma duk mai son gwaninsa ya ci gasa sai ya sayi ƙuri'a da kuɗi. An kwaikwayo tsarin ne daga shirin talabijin na Dancing with the Stars, wanda aka soma a 2005.

To, me ya sa ƙasa mai arziki irin wannan sai an yi rawa kafin naƙasasshe ya sami wurin kwana?

Da can gwamnati takan tara irin waɗannan mutane a manyan gidaje ta rufe. Ɗaya daga ciki shi ne Willowbrook a New York, wanda aka gina domin mutum 4,000 amma aka cusa kimanin 6,000. A 1972 ɗan jarida Geraldo Rivera ya nuna wa duniya ƙazanta da wulaƙancin da ke ciki, aka rufe gidan a 1987. A 1999 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsare naƙasassu nesa da jama'a ba tare da dalili ba wariya ce. Hukuncin ya yi daidai, sai dai an rufe manyan gidaje ba a gina ƙanana isassu ba.

Yau makaranta na kula da yaro har ya kai shekara 21 ko 22, daga nan sai ya koma hannun iyaye, su kuwa tsufa na cim musu. A 2025 hukumar lafiya ta CDC ta ce yaro 1 cikin 31 na da lalurar. Tallafin da gwamnatin tarayya ta ba naƙasasshe a shekarar bai wuce dala 967 a wata ba, kuɗin da ba ya biyan hayar ɗaki a manyan birane. Masu jiran taimakon kulawa a gida kuwa sun haura 700,000 a 2024.

Nan ne rawar ta gaza. Kuɗin dare ɗaya na iya sayen fili da bulo, amma wanda ba ya magana, ko ba ya iya dafa abinci, yana bukatar mai kula da shi dare da rana, kuma albashi kowane wata ake biya. Bugu da ƙari, garin masu hali ne ke tara abin kirki, garin talakawa ko oho. Wani abin ma, da yawa daga waɗanda ake bikin dominsu ba sa jure ƙarar kiɗa da hasken fitilu.

A Nijeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a 2019, amma har yanzu dangi ne ke ɗauke da nauyin. Ga magidancin da ke haya a Agege ko Sabon Ibadan, dangin nan suna can Arewa.