Hajiya, in ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba

A ajin da nake koyarwa, aji biyar na firamare a wata unguwar zango a nan Kumasi, akwai wata yarinya 'yar shekara 11 wadda in ka gan ta sai ka rantse ba ta wuce 7 ba. Bara kusan kullum sai ta nemi izinin zagayawa sau uku kafin a tashi tara, in ta dawo kuma sai gyangyaɗi. Ba zan ɓoye ba, na ɗauka lalaci ne, har na sha yi mata faɗa a gaban 'yan'uwanta. Iyayenta kuwa babu abin da ba su gwada ba. An ba ta maganin tsutsa, an yi na taifot, an yi jiƙon shawara, an yi rubutu da tofi. Sai da wani likita a babban asibiti ya sa aka gwada jininta, daga baya aka zura mata siririyar na'ura ta baki aka ɗebo ɗan tsokar hanji, sannan aka gano sunan abin da ke cin ta. Ana kiran cutar siliyak.

Ga yadda likitan ya yi wa mahaifinta bayani, ni ma na bi na ƙara karantawa. A cikin alkama da sha'ir da wani danginsu da Turawa ke nomawa akwai sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓin filawa ya yi yauƙi. Yawancinmu muna ci lafiya lau. Mai siliyak kuwa, da zarar sinadarin ya shiga cikinsa sai garkuwar jikinsa ta juya ta far wa ƙaramin hanjinsa, ta goge wasu 'yan ƙananan tsiro masu kama da gashin tawul waɗanda ke tsotse amfanin abinci. Sai mutum ya yi ta ci ba ya ganin amfani: gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini, raunin ƙashi, ga yaro kuma tsumburewa. Ba a ɗaukarta daga wani, amma tana bin jini a dangi. Har yau babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da ita. Maganinta ɗaya ne, a bar alkama da danginta har iyakar rai.

Cikin 'yan watanni da barin filawa yarinyar nan ta murmure, ta fara guje-guje a fili, hannunta ya fara tashi in na yi tambaya. Sai ranar wata Asabar mahaifinta ya kai iyalinsa wani gidan abinci na zamani a cikin gari. Ya tambayi yaron da ke kawo abinci ko akwai filawa a soyayyar shinkafarsu da kaza. Yaron ko juyawa bai yi ba wajen masu girki, ya ce, “Babu komai, Alhaji, shinkafa ce kawai.” Ashe an birkiɗa kazar a filawa kafin a soya, ita kuma shinkafar an zuba mata baƙin ruwan waken suya irin na girkin Sinawa, wanda galibi da alkama ake haɗa shi. Kwana uku yarinyar ba ta zo makaranta ba, kuma makon jarrabawa ne.

Tun daga ranar nake ta juya tambayar nan a raina: me mai irin wannan larura yake da haƙƙin nema a wajen mai sayar da abinci? Na ji masu cewa kowane gidan abinci wajibi ne ya tanadi girki na daban. Na kuma ji masu cewa wanda ke da tsirfa ya zauna gida ya dafa nasa. Ni ban bi ko ɗaya ba. A ganina babu wanda zai tilasta wa mai abinci ta dafa abin da ba ta da halin dafawa, amma gaskiyar abin da ke cikin tukunya haƙƙin mai saye ne, kuma faɗarta ba ta cin ko sisi.

A ƙasashen Tarayyar Turai, tun watan Disamba na 2014 doka ta wajabta wa gidajen abinci su sanar da mai saye in abincinsu ya ƙunshi ɗaya daga cikin abubuwa 14 da aka san suna cutar da wasu mutane, hatsi mai gulutin na cikinsu. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita kuma ita ce ba a kiran abinci marar gulutin sai bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Wato ɓurɓushin burodin da ya faɗa miya ya isa ya ɓata ta ga mai siliyak. To ina Hajiyar da ke bakin kwata da kasko ɗaya da ludayi biyu za ta iya cika wannan sharaɗi? Duk wanda ya ɗebo tsarin Turai ya ɗora mata a ka bai yi mata adalci ba. Abin da take iyawa shi ne ta ce, “Ɗana, ƙosan nan wake ne zalla, amma a man da na soya pinkaso na soya shi.” Maganar nan kaɗai ta isa ta raba yaro da kwanciyar kwana uku.

Mu Musulmin ƙasar nan ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ƙidayar 2021 ta nuna ba mu wuce mutum ɗaya cikin biyar ba, don haka mun saba da tsayawa gaban tukunyar wani muna tambaya. Wa ya yanka? Akwai alade a ciki? Da wannan cokalin ake ɗibar wancan miyar? Ka ƙaddara ka tambaya, mai abinci ta tsame naman aladen daga miyar ta miƙo maka kwano ta ce ai yanzu babu. Za ka sake komawa wajenta? To haka nan ne in mai waakye ta tsince taliya daga kan shinkafa ta miƙa wa mai siliyak. Har ma akwai bambancin da ya sa nasa ya fi tsanani. Wanda ya ci haram bisa rashin sani ba shi da laifi a wajen Allah, amma hanji bai san uzuri ba. Wani ma ba ya jin ciwon komai a ranar, ɓarnar kuwa tana ci gaba a ciki.

Malamanmu sun karantar da mu labarin mai sayar da hatsin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tulin kayansa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya kuma ɗauki hakan a matsayin algus. Yaron gidan abincin nan na san bai yi nufin cutar da kowa ba. Tsoro ya ji kada ciniki ya kuɓuce, ko kuma ya ga abin kunya ne ya ce bai sani ba. Sai dai wanda ya ce babu alhali bai duba ba, shi ma ya rufe jiƙaƙƙe da busasshe.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a ɗakin malamai: “Wannan ai cutar Turawa ce, 'yan gayu ne suka kwaso ta a waya.” Gaskiya ne akwai masu barin filawa don yayi ko don rage ƙiba, kuma su ne suka sa ake yi wa masu larurar gaske kallon masu iyayi. Amma cutar ta girmi yayin. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da alaƙarta da alkama. A yunwar da aka yi a ƙasarsu a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya ɓace sai yaran da ke fama da ita suka samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. A duniya ana ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin 100 na ɗauke da ita. Ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu kuwa a nahiyarmu ne: binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi, Musulmi 'yan'uwanmu, ya samu fiye da kashi 5 cikin 100. Mu nan alkama ba ma noma ta, ta jirgin ruwa take shigowa Tema da Takoradi, amma dubi yadda ta mamaye mana safiya da dare. Kakanninmu da koko da tuwo suka tashi, 'ya'yanmu kuwa shayi da burodi da safe, Indomie da daddare.

Abin farin ciki, yawancin abincinmu na gado ba ruwansa da gulutin. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, wake, duk lafiya. Tuwon zafi, koko, fura, dokunu, banku, fufu, waakye ba taliya, babu wanda asalinsa ke da alkama. Inda ake faɗawa rami shi ne burodi, pinkaso, bofrot, alkaki, biskit da semo, sai Milo da lemon malt da ake yi da sha'ir, sai kuma filawar da ke ɓuya inda ba a zata ba: a jikin soyayyen kifi, a kaurin miya, a man suyar da aka yi tarayya.

Don haka roƙona ga iyayenmu mata masu sana'ar abinci da masu gidajen abinci kaɗan ne. Ku san abin da kuka zuba, ku kuma sanar da yaran da ke muku aiki. In an tambaya ba ku da tabbas, ku ce ba ku sani ba, ko ku ɗauko kwalin a karanta tare. In ba za ku iya ba, ku ce ba za ku iya ba, babu wanda zai ga laifinku. Mu kuma a gidajen suna da walima mu daina “haba, ɗan taɓa mana, loma ɗaya me za ta yi?” Wanda ya ƙi abincinki saboda larura bai raina ki ba.

Su ma masu larurar akwai nasu. Kada ka zo lokacin da layi ya kai titi ka tsare Hajiya da tambayoyi goma. Kada ka ce mata gulutin, ce mata filawa, ka lissafa mata burodi da taliya. Ka zaɓi mai abinci ɗaya ko biyu ku saba, in ta yi maka wahala ta daban ka ƙara mata wani abu. In tafiya ce ka riƙe guzurinka. Wanda kuma yake zargin yana da cutar, kada ya yanke wa kansa hukunci ya bar filawa kafin ya ga likita, domin gwajin ba ya nuna gaskiya sai mutum yana kan cin alkama.

Da ɗalibata ta dawo makaranta, ni da mahaifinta muka je wajen Hajiyar da ke sayar da koko a bakin ƙofarmu, bayan ciniki ya lafa. Ta saurare mu har ƙarshe, ta ce ita kam ba ta da kasko biyu. Amma duk ranar da ta wanke kasko ta zuba sabon mai, ƙosai take fara soyawa ta ware wa yarinyar nata a leda kafin pinkaso ya shiga. Sauran ranaku kuwa tun daga nesa take ɗaga mini murya: “Ticha, ka gaya wa 'yarka yau koko kawai za ta sha, man na jiya ne.” Allah ya yi wa kasuwarta albarka, ya kuma ba marasa lafiyarmu lafiya.