Takardar shaida ba ta ɗora tukunya

 Yau za mu taɓo maganar da wasu ba za su ji daɗinta ba, kuma mu kanmu ƴan rediyo ba mu fita ba.

Akwai wata ƙungiyar koyar da sana'a a unguwarmu wadda muka san farkonta. Rumfar kara ce, da keken ɗinki biyu, da injin walda na aro. Wani dattijon tela da wani mai walda ne suka gaji da ganin samari suna wuni a fada suna dafa shayi, suka jawo su. Ba a biyan kowa ko dala. Yaro ya zo da sassafe, ya share rumfa, ya riƙe ƙarfe, ya sha faɗa, bayan shekara biyu ko uku ya buɗe wurinsa. Waɗanda suka fito daga rumfar nan har yau da hannunsu suke cin abinci, wasu ma suna da yara ƙarƙashinsu.

Yau ƙungiyar ta girma. Akwai gini, akwai allo a bakin ƙofa, akwai buro da sakatare, akwai furoje mai zuba kuɗi. Wallahi muna murna, ba hassada ba ce. Amma mu tambaye ku tsakani da Allah: mi ya girma? Horon shekara biyu ya koma wata uku. Ana biyan kuɗin zama, har wasu sun mai da zuwa horo sana'arsu: bana ɗinki, baɗi sabulun ruwa, baɗin baɗaɗa man shafawa. Ranar rufewa a kafa rumfuna, a jera kujeru, a gayyato manya, a kira mu da makirofo. Mu miƙa ma yarinya mu ce yaya kika ji, ta ce mun gode, Allah ya saka. A ba ta keke da takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse.

Bayan ƴan makonni sai ka ga keken a kasuwa. Kar ku zage ta. A layinsu akwai teloli da suka shekara goma suna aiki, ita kuwa wata uku bai ishe ta ta iya yanka ba. Wa zai ba ta atamfar sallarsa ta koya a kai? Ba ta da jari, ba ta da shago, kuma gida ana jiran cefane.

Laifinmu ƴan rediyo shi ne, ba mu taɓa komawa bayan shekara mu nemi yarinyar nan ba. Mun karanta adadin waɗanda aka yaye, mun karɓi kuɗin sanarwa, mun yi shiru. Yau mun amsa laifinmu.

Wani zai ce, ai ko ba komi ya fi zaman banza. Ba mu yarda ba. Horon rabi da rabi yana ƙone fata. Saurayin da aka sa ma rai, ya gwada ya faɗi, ba zai ƙara sauraron maganar sana'a ba. Sai dai ka ji ya kama hanyar Agadas, ko wurin haƙar zinariya, ko Libiya. Mun san abin da hanyar nan take ci. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, kuma da yawa daga yankin Kance suka fito. Ba son yawo ya fitar da su ba, rashin abin yi ne a gida.

Abin takaici, aiki yana nan kwance, masu yinsa ne babu. Tun lokacin da aka yanke mana wutar Najeriya a 2023, gidaje da shaguna suka koma ga sola. Mutum nawa ne a unguwarku suka iya haɗa ta ba tare da sun ƙona batir ba? Manoman rani na Jiratawa da na bakin gulbi suna buƙatar mai gyaran injin ban ruwa kusa da su. Albasar Galmi tana ruɓewa saboda ƙarancin wurin ajiya mai kyau. Fatar jar akuyar Maraɗi da duniya ta sani ana kwashe ta waje, mu kuma mu sayi takalmin roba. Ga kabu-kabu da adaidaita sun cika gari, ga salula a hannun kowa. Don mi za a ce duk yarinya sai ɗinki, duk saurayi sai abin da furoje ya rubuto? An hana mace gyaran salula ne?

Kuma ba sai mun je nesa neman darasi ba. Mata Masu Dubara a nan jahar Maraɗi aka fara su a 1991. Mata ne suke zuba kuɗinsu a akwati kowane mako, su ranta ma juna, su bi kadin abinsu. Tsarin ya ɗore har wasu ƙasashe suka ɗauka, don kuɗin nasu ne, kuma kowa ta san inda dalarta ta shiga. Abin da mutum ya sa guminsa a ciki ba ya kai shi kasuwa da arha.

Don haka ga kiranmu. Shugabannin ƙungiyoyi, ku daina ƙirga takardu, ku ƙirga shagunan da suka kai shekara a buɗe. Kafin ku buɗe aji, ku zagaya kasuwa ku tambayi abin da ake nema. Ku mai da yara hannun iyayen gida na gaskiya, masu gareji da masu walda, kamar yadda aka faro. Ƙasa tana da cibiyoyin CFM a garuruwa, tana da asusun FAFPA na tallafa ma koyon sana'a. Ku nemi haɗa hannu da su. Masu ba da kuɗi, gara ku horar da mutum ashirin sosai da ku yaye ɗari biyu don rahoto. Iyaye, ku daina ganin yaron da ya bar lakwal ya shiga gareji kamar ya lalace; baƙin mai a riga ba abin kunya ba ne, roƙon jaka guda kullum shi ne abin kunya.

Mu kuma mun ɗauki alkawari: duk bikin yaye ɗalibai da aka kira mu, za mu riƙe ranar, mu koma bayan shekara da makirofonmu, mu faɗa muku abin da muka tarar, daɗi ko ɗaci.

Allah ya ba matasanmu abin yi na halal, ya sa mu gyara tun da sauran lokaci. Amin.