Ra'ayinmu: Faifan Da Ke Zagayawa A Makare

A ƙasar Gumel, daga cikin birni zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, ba a rasa masu hannun kyauta ba. Duk wanda ya tashi a can ya san yadda akan yi idan ciwo ya kwantar da mutum. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, a zagaya da faifai, dangi su sayar da akuya ko buhun riɗi, 'ya'yan gari da ke aiki a Dutse da Kano su aiko da abin da ya sawwaƙa. Wannan hali abin yabo ne, kuma da shi muka taso. Amma game da ciwon daji, watau sankara, lalle ne mu faɗa wa juna gaskiya: faifan namu yakan zagaya ne a lokacin da kuɗi ya kusa daina amfani.

Dalilin makarar ba ɓoyayye ba ne. Mace takan ji ƙululu a mamanta, ba zafi ba ciwo, sai ta yi shiru don kunya. In ta faɗa, sai a ce daji ne, daji kuwa ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Daga nan sai shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wata shida, shekara guda. Ran da abin ya fashe aka kai ta Babban Asibitin Gumel, sai a tura su Kano, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wani lokaci ma har Zariya ko Abuja don gashi. A sa'an nan ne za a fara neman taimako, a tara dubbai a kashe, sa'an nan a dawo da ita gida a jira ikon Allah. Jama'a kuma su ƙara sakankancewa cewa asibiti ba ya maganin daji, alhali kuwa ihu aka yi bayan hari.

Abin da ya kamata mai ilmi ya sani, ya kuma sanar da na gida, shi ne cewa wasu daga cikin manyan nau'o'in wannan ciwo ana iya tare su tun kafin su shigo. Ɗauki sankarar bakin mahaifa. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke haddasa kusan dukkanta. Ƙididdigar 2020 ta nuna mata wajen 12,000 ne suka kamu da ita a Nijeriya a shekarar, wajen 8,000 kuma suka rasu. A ranar 24 ga Oktoba 2023 Gwamnatin Tarayya ta shigar da allurar rigakafinta cikin alluran yau da kullum, kyauta, sau ɗaya tak, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Jihar Jigawa tana cikin rukunin farko da aka soma da su. Ga manyan mata kuwa akwai gwaji mai sauƙi wanda ungozoma mai horo za ta iya yi a ƙaramin asibiti, ta ga alamar ciwon shekaru kafin ya zama sankara. Burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2020 shi ne, kafin 2030, a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allurar, a gwada kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani.

Sankarar hanta ta fi kama maza, sau da yawa a tsakiyar ƙarfinsu, kuma wannan ta shafe mu ƙwarai, mu 'ya'yan manoma. Babban tushenta ciwon hanta nau'in B, wanda allurarsa take cikin alluran jarirai a ƙasar nan tun 2004, kuma an fi so a yi ta farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa. To, jaririn da aka haifa a ɗaki a wani ƙauyen Gagarawa, wanda ba za a fita da shi ba sai bayan suna, ina zai sami wannan? Har ila yau akwai dafin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Gyaɗar da ta yi baƙi, wadda mai saye ya ƙi a kasuwa, ita ce takan koma gida a yi ƙuli-ƙuli da ita. Dafin nan in ya haɗu da ciwon hanta a jiki guda, haɗarin yakan ninka sau da yawa. Shanya amfanin gona sosai da tsince ruɓaɓɓe ba ya bukatar likita.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai 'yan masarautar Gumel da ke jami'o'i da kwalejoji, da matasan ma'aikata, su juya akalar gudummawa. A kafa gidauniya tsayayya wadda za ta riga ciwo isowa. Hanyar tara kuɗin ba sai mun aro ba. Muna da ajo, muna da adashi, muna da aikin gayya. Gasar ƙwallon ƙafa tsakanin ƙananan hukumomin huɗu a lokacin dogon hutu, da kokawa da dambe bayan kaka, da wasan kwaikwayo a dandalin Kwalejin Ilmi ta Gumel, duk za su tara jama'a, a karɓi ɗan kuɗin shiga, a kuma ba ma'aikacin lafiya minti goma ya yi bayani kafin a busa usur. Ga kuma kasuwar Maigatari, wadda ke ci kowace Alhamis, inda fatake daga Jamhuriyar Nijar da kudancin ƙasar nan ke cinikin shanu da raƙuma na miliyoyi. Da za a zauna da shugabannin kasuwa da dillalai su yarda da wani ɗan abu a kan kowane ciniki, ko da sau ɗaya a wata, da asusun bai taɓa bushewa ba.

Wasu sun yi irin wannan, kuma ya tsaya. A 1980 wani saurayi ɗan Kanada, Terry Fox, wanda sankarar ƙashi ta sa aka yanke masa ƙafa, ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 don tara kuɗin bincike. Ya rasu a 1981, amma gudun tunawa da shi ya zama al'adar shekara-shekara. A nan gida, Dokta Zainab Shinkafi Bagudu ta kafa gidauniyar Medicaid, wadda ta shahara da tattakin wayar da kai a Abuja da gwajin mata a Jihar Kebbi. Sai dai kada mu kwaikwayi riga da hula kawai. Tattaki da farar riga a titin birni ba zai isa kunnen matar da ke cikin kulle a Sule Tankarkar ba. Ita sai ta bakin malamar Islamiyya, da ungozoma, da mijinta wanda ya ji daga liman.

Mun san kuma cutar da ke kashe gidauniyoyi a ƙasar nan, domin mun sha gani. A kama rumfa da kujeru, a gayyato babban baƙo, maroƙi ya yi ta kirari, attajiri ya yi alkawarin miliyan a gaban lasifika, a watse. Bayan wata uku ba miliyan ba dalilinta, ɗan abin da aka samu kuma ya tafi a kuɗin rumfa da lemo. Don haka tun ran gini ran zane. A buɗe asusu a banki da sa hannun mutum uku, a cikinsu har da mace ma'aikaciyar lafiya. A nemi Majalisar Sarki ta sa ido. Kowane wata uku a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, a manna takardar a ƙofar sakatariyar kowace ƙaramar hukuma. Alkawarin da ba a cika ba, kada a rubuta shi cikin kuɗin shiga.

A kuma iyakance wa asusun aikinsa tun farko, gama ba zai iya ɗaukar nauyin gashi da manyan magunguna ba. Wannan haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma za mu ci gaba da tuna mata. Abin da ƙarfinmu zai kai shi ne kuɗin mota da na gwajin farko ga duk wadda ungozoma ta tura asibiti, da man babur na masu allura zuwa rugage da ƙauyukan kan iyaka, da ranar gwaji kyauta da za ta riƙa zagaya garuruwan huɗu. Sau da yawa kuɗin mota zuwa Kano, na mara lafiya da ɗan rakiya, shi ne ke sa a ce a bari sai an yi girbi.

Ranar 4 ga Fabrairu ita ce Ranar Yaƙi da Sankara ta Duniya, kuma tana faɗowa ne bayan kaka, lokacin da manomi ke da ɗan abu a hannu. Muna ba da shawara shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomin huɗu su hadu a Gumel a hutu mai zuwa, su zaɓi amintattu, su tsara gasar farko domin wannan rana. Mujallar nan za ta buga sunayen amintattun, da lissafin kuɗin farko da zarar ya fito.