Hunturu Ya Ƙarato: Yaushe Ake Rufa Wa Doki Bargo?

Ga shi Allah ya kawo mu watan Nuwamba, ruwan Duwala ya fara ja da baya, can arewa kuwa tuni an yanke gero, an ɗaure harawa an ɗora bisa rumfa, iskar hunturu ta fara leƙowa da asuba. Wannan shi ne lokacin da mutanen Niyu Bel kan haɗa saƙon gida. Wanda duk ya ratsa kasuwar Nkululun a 'yan makonnin nan zai ga 'yan'uwa sun duƙufa kan dilolin gwanjo, wannan na neman rigar sanyi ta tsohuwa, wancan na neman safa da hular yara, a ƙulle a kai tasha, sai Ngaundare, sai Garwa da Marwa, wani saƙon ma har Kano da Katsina. Allah ya saka da alheri.

To, cikin masu saƙon nan akwai waɗanda ba mutanen gida kaɗai suke tunawa ba, har da dokin gida. Da yawa cikinmu gidan sarauta ko gidan malanta muka fito, inda ba a raba ƙofar gida da turke, kuma kuɗin dusa da harawa daga nan Duwala suke tafiya. Wani sai ya sayi bargo mai kauri ya ce a riƙa lulluɓa wa doki. Wani mai hali ma sai ya sa ɗan'uwansa da ke Faransa ya aiko masa da rigar doki irin ta can, har da injin aski. Niyyar mai kyau ce, amma ina ganin ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu ko dokin yana bukata, in kuma yana bukata, yaushe.

Na san inda sha'awar ta samo asali. Kowa na ganin dawakin Faransa a talabijin da jikin takardun rumfunan PMUC, musamman a ƙarshen Janairu lokacin babban tseren filin Vincennes: jiki sumul an aske shi, da an gama gudu a yafa masa riga tun daga wuya har gindin jela. (Maganar cacar kanta ba yau ba, amma masu karatu sun san ra'ayina, albashin malamin makaranta bai isa a ciyar da dokin da ba a taɓa gani ba.) Sai mutum ya ɗauka wannan shi ne kula da doki na zamani, mu ne aka bari a baya. Alhali kuwa Bature yana da dalilinsa, kuma dalilin nan bai ƙetaro teku ya zo mana ba.

Ga yadda abin yake. Dokin Turai yakan fitar da gashi mai tsawo da kauri kafin sanyi ya sauka. Abin da ke sa gashin ya fito kuwa, a mafi yawa, raguwar tsawon yini ne. Jikin doki yana lura da hasken da ke shiga idonsa, da yini ya fara gajarta sai ya fara shiri. Kamar yadda nake nuna wa yara a darasin labarin ƙasa, a birnin Faris yinin watan Yuni ya haura awa 16, na Disamba kuwa kaɗan ya ɗara awa 8. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba. A nan Duwala, da muke digiri 4 kacal arewa da layin da ya raba duniya biyu, bai wuce rabin awa ba. Don haka dokinmu gashinsa kan ɗan yi kauri da hunturu, amma ba ya zama buzu-buzu irin na can.

Shi dokin Turai in ya yi aiki cikin wannan gashi sai ya jiƙe sharkaf da gumi, ya daɗe bai bushe ba, sanyi ya kama shi. Shi ya sa suke aske shi daga wajen Satumba ko Oktoba, su maimaita in gashin ya dawo, galibi su daina kafin ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu. Wani a aske shi duka, wani a bar masa ƙafafu da wurin sirdi, wani kuwa ƙarƙashin wuya da ciki kawai ake ragewa. Da ka aske kuwa ka ɗauki bashi, don ka tuɓe masa rigar da Allah ya ba shi, dole ka biya da wata. Rigunan ma hawa-hawa ne, bisa nauyin abin da aka cusa a ciki, daga giram 100 zuwa 400. Watau askin ne ya jawo rigar. Mu da dokinmu bai tara gashin da zai hana shi bushewa ba, ban ga dalilin sa masa injin aski ba, sai fa in likitan dabbobi ya ce a share wuri don miki ko ƙaiƙayi. Shaci da buroshi kullum sun isa. Jela da geza kuwa a bar su, da su yake korar ƙuda. Haka 'yan dogayen gashin nan na baki da gefen ido, da su yake lalube cikin duhu. Jamus ta daɗe da haramta yanke su, ƙungiyar wasannin dawaki ta duniya ita ma ta hana tun Yulin 2021.

Saura maganar bargo, wadda ita ce ta fi shafarmu. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai doki ya auna sanyi da jikinsa. Ya fito sallar asuba haƙoransa na haɗuwa, sai ya ce lallai doki ma ya sha wuya. Doki ba mutum ba ne. Masana sun nuna cewa lafiyayyen doki, tsakanin kamar digiri 5 zuwa 25 na ma'aunin zafi, ba ya wata wahala wajen riƙe ɗumin jikinsa. Jiki ne babba, ga shi cikinsa kamar murhu, don ciyawar da ya ci tana nuka a babban hanji tana ba da zafi dare da rana. In iska ta yi sanyi kuma gashinsa kan miƙe ya riƙe iska mai ɗumi kusa da fata. Bargo mai nauyi yakan danne gashin nan ya hana shi aikinsa.

Sanyin ƙasarmu kuwa nawa yake? A Kano daren Disamba da Janairu yakan sauko wajen digiri 13, wasu darare ya gangara ƙasa da 10, amma kafin azahar ya doshi 30. Ngaundare da ke kan tudu, sama da mita 1,000, asubarta ta fi ta Garwa da Marwa cizo. Gaskiya ne dokin da ya saba da zafi ya fi na Turai saurin jin sanyi, ba na musun wannan. Amma duba tazarar da ke tsakanin asuba da azahar. Nan haɗarin yake. Yaron barga ya rufa wa doki bargo da magariba, da safe ya wuce makaranta ko kasuwa ya manta, rana ta take, doki na ɗaure a turke yana dahuwa a ciki, ba shi da hannun cirewa. Yin haka ya fi barinsa ba bargo illa nesa ba kusa ba.

Saboda haka ba kalanda ke yanke hukuncin nan ba, hannu ne. A je wajen dokin bayan sallar isha'i, a sake zuwa da asuba, wanda shi ne lokacin da sanyi ya fi tsanani. A sa tafin hannu a bayan kafaɗarsa da ƙirjinsa. In akwai ɗumi, a ƙyale shi. Dattawa kan taɓa gindin kunne, amma kunne kaɗai bai isa shaida ba, yakan yi sanyi alhali jiki lafiya lau. In an ga yana karkarwa, ya matse jela, ya takure ya juya wa iska baya, to lokaci ya yi. In da bargo a jikinsa, a zura hannu ƙarƙashi. In an ji danshi, an wuce gona da iri, a cire. Waɗanda za a fi sa wa ido su ne tsohon doki da haƙoransa suka gaji, da ramamme wanda ake ƙirga haƙarƙarinsa, da mai jinya, da duƙushi sabon haihuwa. Su waɗannan ana iya fara rufa musu tun farkon Disamba, da dare kawai. Ingarma mai ƙoshi kuwa sau da yawa zai ƙare hunturu bai bukaci kome ba sai zana a gefen arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, da busasshen wurin tsayuwa.

Lokaci guda da kowane doki ke cikin haɗari, ko da ƙato ne, shi ne bayan ya yi gumi. Wannan ya kawo mu maganar hawan salla. Waɗanda suka manyanta za su tuna ƙaramar salla ta faɗo tsakiyar hunturu daga 1998 zuwa 2001: ƙarshen Janairu, tsakiyar Janairu, farkon Janairu, sa'an nan Disamba. Tun da watanmu kan matso da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ƙaramar sallar 2025 ta zo ƙarshen Maris, kuma daga 2030 zuwa 2034 za ta sake komawa cikin sanyi, in Allah ya nuna mana. Yaran da ke riƙe da dawaki yanzu ba su ga wancan zagaye ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A duba hawan Daushe a Kano, wanda da yamma ake yinsa, ko sukuwa a ƙofar fadar Lamiɗon Garwa. Doki ya yini ɗauke da sirdi da jalala da kayan ado, wani har da lifidi, ya yi sukuwa, ya dawo gida da magariba jiƙe da gumi daidai lokacin da iska ta juya. A zare kayan nan gaba ɗaya a bar shi tsaye cikin iska, ko a kwara masa ruwan rijiya da daddare, to gobe kada a yi mamakin tari da majina. Hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake tattali a Disamban 2024, kowa ya yi murna, amma dokin da ya ɗauki al'adar a bayansa ba a faye tambayar yadda ya kwana ba. Ba banza sarakunanmu suka yi sarautar Shamaki ba.

Abin da ya dace shi ne a sassauta majayi, a ja shi a yi ta zagayawa har numfashinsa ya daidaita, a goge jikinsa da busasshiyar ciyawa, sa'an nan a yafa masa abu mara nauyi mai shan gumi, a canza in ya jiƙe. Nan ne mu mutanen Duwala muke da abin aikawa wanda ya fi rigar Faransa amfani, ga kuma araha: buhun algarara, irin wanda ake zuba koko da kofi a kai tashar jiragen ruwa. A farke biyu, a wanke, a ɗinke su haɗe, a sa igiya a ƙirji da ƙarƙashin ciki yadda ba zai zame ya harɗe ƙafa ba. Yana shan gumi, iska na ratsa shi. Buhun leda kuwa kada a kusanta shi da doki. Tsohon gwado ma ya yi.

In kuwa kuɗi za a aika, to harawa ta fi bargo. Dokin da ya kai kilo 350 yana bukatar busasshen abinci wajen kilo 6 zuwa 7 a yini, kuma a bar masa rabo mai yawa da dare don murhun nan na ciki kada ya mutu. A kakkaɓe ƙura, a ɗan yayyafa ruwa. Ruwan sha ma a kula, don da sanyi doki kan rage sha, ga abinci busasshe, daga nan ciwon ciki ke samun ƙofa. Ruwan da ya kwana a waje a bari rana ta ɗan taɓa shi, a jefa 'yar kanwa kamar yadda iyayenmu ke yi. Masu hura wuta kusa da turke kuma su dubi Allah su dubi rumfar harawa.

'Yan dawakin da ke nan Duwala fa, waɗanda akan kawo don biki ko naɗin sarauta? Su lissafinsu a juye yake. Garin nan ba ya hunturu. Darenmu da wuya ya sauka ƙasa da digiri 22, ɗan sanyin da muke ji kuwa na Yuli da Agusta ne, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, a garin da ke samun sama da milimita 3,500 a shekara. Dokin Duwala ba ya bukatar bargo ko a wane wata. Abokan gabansa danshi ne da ƙuda. Tun asali tsando da ciwon sammore su suka hana doki zama a kurmi, shi ya sa kakanninmu fatake da suka gangaro kudu da ƙafa suka iso. Fatar da ta daɗe a jiƙe kuma ita ce gonar kirci, ciwon nan da makiyaya suka sani a jikin shanu, wanda wani likitan dabbobi ya fara bayaninsa a Kwango ta Beljiyam a 1915, doki ma yana kamuwa. Rufa masa bargo cikin ruwan Agusta taimaka wa ciwon ne. A yi masa rufi mara yoyo, a ɗaga dandamali a zuba yashi don kofato ya bushe, a yi hayaƙi da yamma, kuma in an gama bikin a mayar da shi arewa da wuri.

Wanda zai buga waya gida a makon nan, bayan an gaisa an tambayi lafiyar iyali, sai ya ce, "Kawu, don Allah a sa yaro ya taɓa mini ƙirjin dokin nan gobe da asuba, in ji ko da ɗumi." Amsar da aka ba shi ita za ta nuna masa abin da zai sa cikin saƙo. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar tarin yara da ƙurar hunturu, don masu shirin kai iyali gida hutun ƙarshen shekara.