Malamin Turanci na wata 10: ina ribarmu a Nkembo?

Tun 1969 gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyin malaman Turanci zuwa ƙasashen waje, yanzu kowanne wata 10 yake yi. Ba sadaka ba ce, masu jin harshenta take nema.

Gabon ta shiga Commonwealth a Yunin 2022, don haka buƙatar Turanci za ta ƙaru. To amma baƙo raɓa ne. In ya koyar da aji ɗaya ya tafi, shi ke nan. In ya horar da malamai, ilimin ya zauna.

Jama'a, wa zai zama malamin? Mu tura 'ya'yanmu makarantar horon malamai, kada a raba guraben aiki muna kasuwa.