Fim Na Farko Daga Gida Ake Fara Shi

'Yan'uwana ɗalibai, a ganina duk mai son yin fim na gaskiya, watau wanda ba wasan kwaikwayo ba, to ya fara da garinsu. Mustafa Alasan na Nijar, da ya yi fim ɗinsa Aure a 1962, bikin aure na ƙauyen Zabarmawa ya nuna.

Mu ma nan Makera muna da abin ɗauka. An gama madatsar ruwa ta Zobe a 1983. Akwai tsofaffin da suka san kogin Karaduwa tun ba a tare shi ba, sun san inda gonaki suke kafin ruwa ya ci. Kullum raguwa suke yi, in sun tafi labarin ya tafi.

Ba sai da babbar kyamara ba, wayar hannu ta isa. Amma a nemi izinin mai unguwa da na tsohon tukuna. A zauna inda babu iska ko hayaniya don murya ta fita. A yi tambaya ɗaya, a yi shiru a saurara.

Iyayenmu kuwa, don Allah ku ara mana waya ran Asabar, kada ku ɗauki abin shashanci. Da sanyin safiya ake kama fara.